Sun sayi sunan anime, sun baro halinsa a Japan

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ƙanina ya shigo ɗakina da wayarsa a hannu, ya zauna bakin katifa, ya ce, "Yaya, ashe wannan ne Death Note ɗin da ka ishe mu da labarinsa? Wallahi ni ban ga komai a ciki ba. Wani yaro ne matsoraci da budurwarsa, sai ihu sai guje-guje."

Na karɓi wayar na duba. Ashe shagon masu tura finafinai ya je a bakin kasuwa, ya ce a saka masa Death Note. Mai shagon ya tambaye shi, na katun ko na mutane? Shi kuma da yake yana jin gemu ya fara tsiro masa, ya ce na mutane, katun ai na yara ne. Aka tura masa fim ɗin da Netflix ta fitar a 2017. Ya zauna ya kalli minti ɗari, ya tashi ya yanke wa labarin hukunci gaba ɗaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da yaron nake ba. Abin da aka ba shi ya kalla, gaskiyar abin da ya gani kuma ya faɗa.

Ra'ayina a kan wannan harka shi ne: yawancin finafinan da ake ɗauko anime, wato katun ɗin Japan, a mayar da shi na 'yan wasa suna lalacewa ne saboda masu yin su suna son sunan, amma suna jin kunyar abin da ke ƙarƙashin sunan. Sun ga miliyoyin masoya, sun biya kuɗi sun mallaki izini, sannan suka zauna suna goge duk abin da ya sa aka so labarin tun farko. Mutane kan ɗora laifin a kan ƙarancin kuɗi, ko siddabarun kwamfuta da bai yi kyau ba, ko launin fatar jarumi. Duk waɗannan suna da nasu kason. Amma gawar da nake gani a kowane irin fim ɗin nan guda ɗaya ce, wato halin jarumin labarin.

Light biyu

Bari in tsaya a kan Death Note ɗin, tunda shi ya jawo maganar.

Tsugumi Ohba ne ya rubuta labarin, Takeshi Obata ya zana shi, ya fito a Japan daga 2003 zuwa 2006. Kamfanin Madhouse ya mayar da shi anime mai kashi 37. Light Yagami ɗalibi ne da babu wanda ya kai shi ƙoƙari, ɗan babban jami'in 'yan sanda, kyakkyawa, mai ladabi, irin yaron da kowace uwa a unguwa ke misali da shi. Sai ya tsinci wani littafi wanda duk sunan da aka rubuta a ciki, muddin mai rubutun ya san fuskar mai sunan, to ya mutu. Ya fara da kashe masu laifi. A hankali girman kai ya ci shi, fir'aunanci ya shige shi, har ya ɗauki kansa shi ne mai hukunta duniya.

Abin tsoron labarin ke nan: yaron kirki ne a idon kowa, kuma a nutse yake kisa, yana murmushi a teburin cin abinci tare da mahaifinsa da ke farautarsa ba tare da ya sani ba.

A kashi na biyu akwai wani wuri da har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. An nuno wani mutum a talabijin, da sunansa a rubuce a gabansa, ya ce shi ne L, babban mai binciken da duniya ke ji da shi, kuma zai kama mai kisan nan. Ya kira abin da Light ke yi mugunta. Light ya fusata, ya ɗauki biro ya rubuta sunan. Bayan daƙiƙa 40 mutumin ya dafe ƙirji ya kife. Light na cikin dariya sai allon ya canza, harafin L ya fito, wata murya ta fara magana. Wanda ya mutu fursuna ne da dama a ranar za a zartar masa da hukuncin kisa. An ce shirin duk duniya ake nunawa, alhali a yankin Kanto kaɗai aka sake shi. Cikin 'yan mintoci L ya tabbatar akwai mai kisan, ya gane yana iya kisa daga nesa, ya kuma san yankin da yake. Babu wanda ya ɗaga hannu, babu wanda ya yi gudu. Mutum biyu ne, kowa a ɗakinsa, suna dara da rayukansu.

To me aka yi a fim ɗin 2017 da Adam Wingard ya ba da umarni? An kai labarin Seattle ta Amurka, wannan ban damu ba. An mayar da sunan Light Turner, shi ma ba komai. Amma sai aka mayar da shi yaron da ake cin zalinsa a makaranta, wanda da ya ga Ryuk, dodon da ke da littafin, ya dinga kurma ihu yana neman maɓoya a cikin aji. Light na asali ma ya razana da ganin farko, amma nan take ya tattara kansa ya nuna wa dodon dama yana sa ran zuwansa. Shi kuwa na Seattle, bai daɗe da samun littafin ba ya kai wa yarinyar da yake so ya nuna mata, don ya burge ta. Sirrin da Light Yagami zai kashe duk wanda ya leƙa shi. Daga nan muguntar ta koma hannun yarinyar, shi ya zama abin tausayi. L kuwa, mutumin da ba ya ɗaga murya, ya ƙare yana bin Light da gudu a titi da bindiga a hannu.

Willem Dafoe ya yi muryar Ryuk, kuma ya yi ƙoƙari sosai. Lakeith Stanfield ya kama zaman L na tsugunno a kan kujera da shan kayan zaƙinsa. Duk da haka kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, saboda an ji tsoron ba 'yan kallo jarumin da yake mugu na gaske. An ga kamar ba za su jure ba. Alhali wannan muguntar ce ta sa aka sayar da miliyoyin kwafi.

Goku a ajin sakandare

Wanda ya fi kowanne ciwo shi ne Dragonball Evolution na 2009, wanda kamfanin 20th Century Fox ya yi.

Goku ɗin da Akira Toriyama ya fara zanawa a 1984 ɗan daji ne mai wutsiyar biri, ya tashi shi kaɗai a cikin duwatsu bayan rasuwar kakan da ya raine shi. Ranar da ya fara ganin mota ya ɗauka dodo ce, ya far mata. Bai taɓa ganin mace ba sai ranar da ya haɗu da Bulma. Abu biyu ne a gabansa, ya ci ya ƙoshi, ya kuma sami wanda ya fi shi ƙarfi su gwabza. Zuciyarsa fara tas, shi ya sa yake iya hawa gajimaren da mai mugun nufi ba ya iya hawa. Idan ya kayar da abokin gaba, sau da yawa sai ya bar shi da rai, har daga baya su zama abokai. Piccolo haka, Vegeta haka.

A fim ɗin sai ga Justin Chatwin, matashi a makarantar sakandare, yara suna tsokanarsa, yana satar kallon yarinya a aji, yana neman yadda zai yi mata magana. Krillin, babban amininsa, babu shi sam. Wannan yaron an taɓa ganinsa a finafinan Amurka ɗari kafin nan. An ɗauko shi ne daga inda ake ajiye irinsu, aka shafa masa mai a gashi ya miƙe, aka ce ga Goku.

Toriyama da kansa ya faɗa daga baya cewa ya ba da shawarwari ba a saurare shi ba, kuma abin da ya fito ba zai iya kiransa Dragon Ball ba. A 2016 kuma marubucin fim ɗin, Ben Ramsey, ya fito ya nemi gafarar masoya. Ya amsa cewa ya karɓi aikin ne don kuɗin da ke ciki, a matsayin ɗan kasuwa, ba don yana ƙaunar labarin ba. Na girmama shi a kan wannan, don ba kowa ke iya faɗin haka ba. Kuma maganarsa ita ce shaidar da nake buƙata. Wanda bai san ɗanɗanon miya ba aka ba ludayi.

"Ai ba kowa ke kallon katun ba"

Wannan ita ce hujjar farko da ake kawo mini, kuma ita ce ta kai ƙanina ga zaɓen da ya yi. Wai akwai manyan da ba za su taɓa zama kallon zane ba, don haka idan aka yi da mutane labarin zai isa gare su.

Da farko dai, me ya isa gare su? Idan ka ce za ka kai wa maƙwabcinka ɗanɗanon kilishi, ka kai masa soyayyen biredi a takardar kilishi, ba ka kai masa komai ba. Ka ma sa ya raina kilishin.

Na biyu, kasuwa ta riga ta ƙaryata zancen. Fim ɗin Demon Slayer na jirgin ƙasa da ya fito a 2020, zane tsantsa, ya tara kusan dala miliyan 500, ya fi duk finafinan da suka fito a wannan shekarar ciniki a duniya. Na san shekarar korona ce, sinimomi da yawa a rufe suke. Amma a Japan ya karya tarihin da Spirited Away ya riƙe kusan shekara ashirin, shi ma ɗin zane ne, kuma ya ci kyautar Oscar a 2003. Ka kwatanta da Knights of the Zodiac na 2023, wanda aka ɗauko daga Saint Seiya aka yi da mutane: an kashe kimanin dala miliyan 60, bai dawo da ko miliyan 10 ba. To wa ya fi kai wa ga jama'a?

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci a wurina. Zane yana da yarensa. Lokacin da kakarmu ke mana tatsuniya a tsakar gida, ta ce Gizo ya shiga gonar sarki ya cika cikinsa ya dawo yana yi wa Ƙoƙi ƙarya, babu yaron da ya taɓa tambayar ta yaya gizo-gizo ke magana. Muryarta ta riga ta shimfiɗa duniyar da hakan daidai ne. Amma a ce an ɗauko wani ƙato an ɗaura masa ƙafafu takwas na roba ya shigo tsakar gidan, dariya za mu yi, tatsuniyar ta watse.

Haka anime yake. Mutum, da takobinsa, da wutar da ke fita daga tafin hannunsa, da dutsen da ya tarwatse, duk alƙalami ɗaya ya zana su, shi ya sa ido ke karɓarsu tare. Gashi shuɗi ko ja ba ya damun kowa. Ana iya tsayar da lokaci cak, naushi na rataye a iska, mu ji abin da jarumi ke saƙawa a ransa na minti biyu. Ana iya komawa daga kuka zuwa barkwanci cikin ƙiftawar ido, fuska ta zama kamar ta jariri, ta dawo daidai. Fuskar ɗan Adam ba ta yin haka. Da zarar ka sa mutum na gaske, da gumi da ramukan fata, ido ya fara auna komai da ma'aunin duniyarmu. Gashin nan shuɗi ko ja ya koma gashin kanti.

Zane ba matakin farko ba ne da ke jiran a ƙara masa girma. Aiki ne kammalalle. Raina shi da ake yi, a Hollywood da kuma a shagon tura finafinai na unguwarmu, shi ne tushen duk wannan asarar.

"Laifin Turawa ne, a bar wa Japanawa kayansu"

Da ma haka ne, da maganar ta zo da sauƙi.

Gaskiya ne akwai inda zaɓen ɗan wasa ya zama cin fuska. A Ghost in the Shell na 2017 an ba Baturiya Scarlett Johansson matsayin Manjo, jarumar labarin, aka yi ta ce-ce-ku-ce tun kafin fim ɗin ya fito. Mamoru Oshii, daraktan zanen 1995, ya kare zaɓen, yana ganin jikin Manjo ƙirar inji ne, ba dole ya zama na wata ƙabila ba. Da an tsaya nan da na yi shiru. Sai fim ɗin ya zo ƙarshe ya bayyana cewa ita asalinta yarinya ce Bajapaniya mai suna Motoko Kusanagi, aka sace ta aka sa ƙwaƙwalwarta a jikin Baturiya. Wato abin da ake zarginsu da shi suka mayar labari. Sun kwafo hotunan asali ɗaya bayan ɗaya, dirowa daga saman bene, faɗa a cikin ruwa, tankar yaƙi mai ƙafafun gizo. Amma tambayar da ta riƙe zanen 1995, wato idan jikinka na inji ne kuma ana iya shuka maka tunanin ƙarya, me ya rage da za ka kira kai, an mayar da ita labarin ramuwa a kan mugun kamfani. An kashe kimanin dala miliyan 110, aka samu kusan 170, wanda a lissafin Hollywood faɗuwa ce.

To amma Japanawan fa? A 2015 kamfanin Toho ya fitar da Attack on Titan na mutane kashi biyu, da darakta Shinji Higuchi. An cire Levi, wanda masoya suka fi so, aka ƙirƙiro wani a madadinsa. A labarin asali, kasancewar Mikasa tana da jinin mutanen gabas a cikin al'ummar da kusan kowa mai kama da Bature ne, abu ne mai ma'ana. Da kowa ya zama Bajapane, wannan zaren ya tsinke. Eren, jarumin labarin mai tafasasshiyar zuciya, wanda ya ga an cinye mahaifiyarsa a gabansa ya yi rantsuwa, an canza masa dalilin fushinsa ya koma kan soyayya. A 2017 aka yi Fullmetal Alchemist, har Italiya aka je ɗaukar wasu wurare, amma sai ga Ryosuke Yamada da gashin kanti ruwan zinare, ana ta ƙoƙarin cusa wani ɓangare na labarin mai mujalladi 27 a cikin awa biyu da 'yan mintoci. Tun 2004 ma Japanawa suna da Devilman, wanda su da kansu suke kafa misali da shi idan ana zancen mummunan fim.

Kuma a ɗaya gefen, Mustafa Shakir baƙar fata ne, ya fito a Jet Black a Cowboy Bebop na Netflix, mutane da yawa da suka tsani shirin sun yarda shi ya fi kowa kama halin wanda ya wakilta. Fasfo ba ya gyara fim, ba ya kuma ɓata shi shi kaɗai.

"Dole ne a canza wani abu"

Wannan hujjar na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin masoya anime da yawa suna zaluntar masu fim a nan. Kashi 37 na Death Note kusan awa 14 ne. Ba mai iya zuba tulu a cikin moɗa. Dole a yanke, dole a haɗe mutum biyu su zama ɗaya, dole wani wurin da kake so ya tafi. Duk wanda ya karanta littafin Hausa da yake ƙauna sannan ya ga an yi fim ɗinsa ya san wannan zafin, ya kuma san wani lokacin yankan ne ke ceton fim ɗin.

Tambayar ita ce me ka yanke, me ka bari.

Japanawa sun yi Death Note na mutane tun 2006, fim biyu, da Tatsuya Fujiwara a Light da Kenichi Matsuyama a L. Sun canza ƙarshen labarin gaba ɗaya. A nasu, L ya rubuta sunan kansa a littafin, ya sa wa kansa wa'adin kwana 23, don kada wani ya riga shi rubutawa, da haka ya kama Light. Babu wannan a asali. Amma duk wanda ya san L ya san zai iya aikata haka, mutum ne da ya gwammace ya mutu da a ce an kayar da shi. Canjin daga cikin halinsa ya fito, shi ya sa masoya suka karɓa, wasu ma suka fifita shi a kan na asali.

Rurouni Kenshin, wanda Keishi Otomo ya fara a 2012 da Takeru Satoh, ya kai fim biyar zuwa 2021. An yanke abubuwa da yawa, an sassauta tsalle-tsallen da jikin mutum ba zai iya ba, aka ba ƙwararren mai tsara faɗa Kenji Tanigaki ya gina wasan takobi mai sauri da ido zai yarda da shi. Abin da ba a taɓa ba shi ne Kenshin: tsohon makashi da ya yi alkawarin ba zai sake kisa ba, yana yawo da takobin da kaifinsa ke ta baya. Kowane faɗa a finafinan jarrabawa ce ga wannan alkawarin.

Misalin da ya fi burge ni kuwa na kamfani ɗaya ne, Tomorrow Studios, da ya yi wa Netflix shiri biyu. Na farko Cowboy Bebop, ya fito ranar 19 ga Nuwamba 2021, kashi 10. Sun kwafi komai na zahiri: shuɗiyar kwat ɗin Spike jarumin labarin, fasalin buɗe shirin, har Yoko Kanno mai kiɗan asali suka dawo da ita. Cikin mako uku aka soke shi. Zanen Shinichiro Watanabe na 1998 labarin mutane ne da abin da ya wuce ya hana su sakat, ba sa faɗin ciwonsu, sai dai ka gan shi a yadda ɗaya ke zuƙar sigari yana kallon taga. Sabon shirin ya cika wannan shirun da surutu da barkwanci, ya buɗe duk abin da aka rufe ya yi bayaninsa dalla-dalla. Watanabe ya ce ya kalli farkon abin da aka aiko masa ya kasa ci gaba.

Na biyu One Piece, ranar 31 ga Agusta 2023, kashi 8, an ɗauke shi a Cape Town ta Afirka ta Kudu. A takarda shi ya fi kowanne haɗari: yaro mai jikin roba, mai faɗa da takobi uku ɗaya a baki, mutane masu kan kifi. Kuma sun canza abubuwa sosai, sun jawo Garp, babban sojan ruwa, tun da wuri, sun kusan share Don Krieg, ɗaya daga cikin miyagun labarin. Amma Eiichiro Oda, mai labarin tun 1997, yana da ta cewa, ba a sakin abu sai ya gamsu. Sannan Iñaki Godoy ya fito a Luffy, yaron nan mai jikin roba, ba tare da jin kunya ba. Yana faɗin zai zama sarkin 'yan fashin teku da zuciya ɗaya, babu kashe ido ga 'yan kallo, babu alamar shi ma abin dariya yake ba shi. Wurin da abokiyar tafiyarsa Nami ta gaji, ta juyo da hawaye ta nemi taimakonsa, ya cire hularsa ta kaba ya ɗora mata a ka, sun bar shi yadda yake don sun san nan ne zuciyar labarin. Aka sabunta shirin zuwa zango na biyu.

Kamfani ɗaya, tasha ɗaya, shekara biyu tsakani. Na farko ya riƙe tufafi ya saki hali, na biyu ya taɓa labari ya riƙe hali.

"Na asalin ai yana nan, ba wanda ya ƙona shi"

Masu wannan maganar ina ganin ba su taɓa sayen data da kuɗin aljihunsu ba. Yaron da ke da ɗari biyar, aka ce ga kashi 37 ga kuma fim ɗaya na minti ɗari, sunansu ɗaya, wanne zai ɗauka? Ƙaramin zai ɗauka, kuma da shi zai auna babban. Mummunan fim yana tsayawa ne a bakin ƙofa yana korar baƙi. Mu da muka riga muka shiga ba abin da ya rage mu da shi sai ɓacin rai. Wanda bai shiga ba shi aka cuta, don ba zai ma san abin da ya rasa ba.

Ƙanina sai da na yi da gaske kafin ya yarda ya gwada zanen. Na ce masa kashi biyu kawai, idan bai yi maka ba ka goge. Ina zaune ina kallon fuskarsa lokacin da mutumin nan ya kife a talabijin harafin L ya fito. Ya ɗago kai ya ce, "Kai! Yaya, ashe tarko ne!" A daren sai da Umma ta leƙo ta ce ya kashe wayar nan ya kwanta. Shi ya yi sa'a yana da wanda zai matsa masa. Abokansa da suka kalli na Seattle tare da shi har yanzu suna nan a kan cewa Death Note shirme ne.

Saura Naruto

A farkon 2024 aka sanar cewa kamfanin Lionsgate ya ba Destin Daniel Cretton, daraktan Shang-Chi, aikin rubutawa da ba da umarnin Naruto na mutane, kuma Masashi Kishimoto mai labarin ya sa masa albarka. Mujalladi 72 ne, anime ɗinsa kashi 720. A cikin duk anime babu wanda na ga samarinmu sun riƙa kamarsa, har ɗaurin goshin nan za ka gani a jakar 'yan makaranta.

Ina fatan ya yi kyau, da gaske nake. Ba ni da damuwa ko gashin yaron zai zama ruwan ɗorawa sosai ko a rage, ko rigar za ta zama ruwan lemo mai haske. Ban ma damu da yadda za a yi ƙwallon iskar da yake murzawa a tafin hannu ba, masu kwamfuta za su iya.

Abin da zan nema yana kashi na farko. Ranar da aka yaye ɗalibai, Naruto ya faɗi jarrabawa. Iyaye sun cika harabar makaranta suna rungumar 'ya'yansu, shi kuma maraya yana zaune shi kaɗai a kan lilo a ƙarƙashin bishiya, yana kallonsu daga nesa, wasu mata biyu suna raɗa a kansa suna harararsa. Duk ihunsa da rashin jinsa da fentin da yake shafa wa fuskokin shugabannin garin da aka sassaƙa a dutse, duk daga wannan lilon suka fito. Idan aka mayar da shi yaro mai farin jini da baki mai daɗi, wanda 'yan mata ke so tun daga farko, to an sake yin Goku na 2009, komai yawan kuɗin da aka zuba. Ranar da tallar fim ɗin ta fito, lilon nan zan fara dubawa.